Masana'antar Auduga ta Lankasha

Masana'antar auduga ta Lankasha ita ce sana'ar kaɗi da saƙa da inji da ta kafu a arewa maso yammacin Ingila tun daga wajejen 1770. Ta yi tashe fiye da shekara ɗari, ta kai ƙololuwa a jajibirin Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga nan ta riƙa ja da baya har ta kusa shuɗewa a ƙarshen ƙarni na 20. Birnin Mancesta ne kasuwarta, Libaful kuwa ita ce tashar da auduga ke sauka, yadi ya fita. Da tafiya ta yi tafiya garuruwan yankin suka raba aiki: Oldham da Bolton suka shahara da kaɗi, Blackburn da Burnley da Preston da saƙa. Galibin masana tarihi suna ganin a nan ne Juyin Masana'antu ya fara bayyana a fili, inda inji mai aiki da ruwa ko tururi ya karɓe aikin hannu, aka kuma tara ɗaruruwan ma'aikata a ƙarƙashin rufi ɗaya.

Ingila ƙasa ce mai sanyi, auduga ba ta yi a cikinta. Duk silin zaren da aka kaɗa a Lankasha wani ne ya nome audugarsa a wata nahiya, kuma mafi yawan yadin da aka saƙa a wata ƙasa aka sayar da shi. Shi ya sa tarihin waɗannan masaƙu ba ya cika sai an taɓo bauta a Amurka da mulkin mallaka a Indiya da Masar da Afirka.

Kafin zuwan injina

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 18, Indiya ce ke riƙe da kambun saƙar auduga a duniya. Masaƙan Gujarat da gaɓar Koromandel da Bengal suna fitar da yadi iri-iri, tun daga mai kauri na talakawa har zuwa shara-shara na Dhaka wanda sarakuna ke sawa. Kamfanin Gabashin Indiya na Ingila, wanda aka kafa a 1600, ya riƙa jido wannan kaya zuwa Landan. Yadin Indiya ba shi da nauyi, yana wankuwa, launinsa ba ya zuba, ga arha. Nan da nan matan Ingila suka rungume shi.

Masu sana'ar ulu da siliki suka ga kasuwarsu na neman mutuwa, suka kai kuka Majalisar Dokoki. A 1700 aka hana shigo da yadin Indiya mai zane, a 1721 kuma aka hana sayarwa da saka mafi yawan yadin auduga mai zane a cikin ƙasar. An yi dokokin ne don a kare ulu, amma masaƙan Lankasha ne suka ci moriyarsu. Dama suna saƙa wani yadi gauraye, zaren tsaye na lilin, na kwance na auduga, kuma wata doka ta 1736 ta halatta shi. Ta haka suka sami kasuwar cikin gida ba tare da gogayya da Indiya ba. Sai a 1774 aka ɗage takunkumin a kan yadin auduga zalla da aka saƙa a Birtaniya.

A wancan lokaci a gida ake aikin. Ɗan kasuwa ya raba auduga gida-gida, mata da yara su shiɓe ta su kaɗa, maigida ya hau masaƙa. Matsalar ita ce kaɗi ya fi saƙa cin lokaci: masaƙi ɗaya yana cinye zaren mutum huɗu ko fiye, don haka kullum zare ba ya isa.

Injinan kaɗi da saƙa

A 1733 John Kay, mutumin Bury, ya ƙera ƙoshiya mai ƙananan ƙafafu wadda masaƙi ke fizgar igiya ta ruga daga wannan gefe zuwa wancan. Mutum ɗaya ya iya saƙa yadi mai faɗi da sauri, ƙishirwar zare kuwa ta ƙaru.

Mutum uku ne sunayensu suka fi fitowa wajen warware matsalar kaɗi. Na farko James Hargreaves, masaƙi daga kusa da Blackburn, wanda a wajejen 1764 ya haɗa injin hannu da ake kira jeni, mai juya mazarai takwas a lokaci guda. An ce maƙwabtansa masu kaɗi sun fasa masa gida sun farfasa injinan, ya ƙaura zuwa Nottingham a 1768. Zaren jeni ba shi da ƙwari, a kwance kawai yake amfani.

Na biyu Richard Arkwright, wanzami ɗan Preston, wanda ya karɓi takardar mallakar fasaha a 1769. Injinsa yana bi da auduga ta tsakanin jerin ƙarafa masu juyawa, na gaba ya fi na baya sauri, sai audugar ta miƙe ta sirance kafin a murɗe ta. Zaren ya yi ƙwarin da za a yi wadari da shi. A 1771 ya gina gidan kaɗi a Cromford, cikin Derbyshire, inda ruwa ke juya injinan, ana aiki dare da rana, ya kuma gina wa ma'aikata gidaje a gefe. Wannan tsari ne aka kwaikwaya a ko'ina. A 1785 kotu ta soke takardun mallakarsa bayan an ba da shaida cewa dabarun na wasu ne, amma ya riga ya kuɗance, ya mutu a 1792 yana cikin manyan attajiran ƙasar.

Na uku Samuel Crompton na Bolton. A 1779 ya haɗa dabarun injinan nan biyu a cikin ɗaya, shi ya sa aka raɗa masa suna alfadari. Zarensa siriri ne kuma mai ƙwari, a karo na farko Ingila ta iya saƙa abin da ya kusanci shara-sharan Bengal. Crompton ba shi da kuɗin karɓar takardar mallaka, masu masaƙu suka kwashi fasaharsa kusan a banza. Majalisa ta ba shi fam 5,000 a 1812, ya mutu a 1827 cikin talauci. Alfadari ne ya zama ƙashin bayan kaɗin Lankasha har cikin ƙarni na 20, musamman bayan Richard Roberts ya fito da mai sarrafa kansa tsakanin 1825 da 1830.

Wani ƙiyasi da masana ke yawan kawowa ya nuna girman canjin. Mai kaɗin hannu a Indiya yana bukatar kimanin awa 50,000 kafin ya kaɗa laba 100 ta auduga. Alfadarin Crompton ya mai da shi kimanin awa 2,000, na wajejen 1795 ya sauko da shi 300, na Roberts kuwa 135.

Masaƙun farko dole a bakin rafi ake gina su. Injin tururi na James Watt, bayan an gyara shi ya iya juya ƙafa a shekarun 1780, shi ya 'yanta su daga wannan, suka dawo cikin gari kusa da kwal. Hanyar ruwa ta Bridgewater, wadda aka buɗe a 1761, ta riga ta karya farashin kwal a Mancesta. A 15 ga Satumba 1830 aka buɗe layin dogo tsakanin Libaful da Mancesta. Mancesta, garin da mutanensa ba su kai 30,000 ba a farkon shekarun 1770, ya haura 300,000 a 1851.

Injin saƙa ya makara. Edmund Cartwright, limamin coci, ya ƙera na farko a 1785, amma bai yi aiki sosai ba sai da aka yi ta gyara. A 1813 akwai kimanin 2,400 a Birtaniya, a 1833 sun kai wajen 100,000, a 1850 kuwa kimanin 250,000. Audugar da ƙasar ke shigowa da ita ta tashi daga laba miliyan 11 a 1785 zuwa miliyan 588 a 1850. Tsakanin 1816 da 1848 kayan auduga su ne kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na darajar duk abin da Birtaniya ke fitarwa waje.

Rayuwa a cikin masaƙa

Masaƙun bakin rafi na farko suna nesa da gari, babu ma'aikata, sai masu su suka koma gidajen gajiyayyu na Landan da Libaful suna ɗebo marayu da 'ya'yan matalauta da sunan koyon sana'a. Yaro ya shiga yana ɗan shekara bakwai ko tara, a ci da shi a tufatar da shi, ba albashi, sai ya girma. A Quarry Bank, masaƙar da Samuel Greg ya gina a Styal a 1784, gidan da waɗannan yara suka kwana yana nan har yanzu.

Aikin yini yakan kai awa 12 zuwa 14. Da yake talaka ba shi da agogo, akwai mutumin da sana'arsa ita ce bin layi da asuba da doguwar gora yana ƙwanƙwasa tagogin bene, ana biyansa 'yan kwabbai a mako. Wanda ya makara a yanke masa lada. A ɗakin kaɗi ana riƙe zafi da laima don kada zare ya tsinke, mutane suna aiki ba takalmi a kan daɓen katako mai maiƙo. Ƙananan yara ne ke rarrafawa a ƙarƙashin alfadari yana tafiya, suna tsince gashin auduga. Injin yana fita ya dawo, dole yaro ya kwanta ya lafe ko ya fice kafin ya dawo kansa. Manyansu kaɗan su ne masu ƙulla zaren da ya tsinke, suna bin injin gaba da baya yini guda. Yatsu da hannuwa da yawa sun tafi a nan.

A ɗakin saƙa, inda mata suka fi yawa, ƙara ce ke kurmantar da mutane. Ba a jin magana, don haka masaƙa suka koyi karanta leɓɓan juna daga nesa, suna haɗawa da alamun hannu. In kwarkwaro ya ƙare aka sa sabo, masaƙiya takan kai ƙoshiya baki ta zuƙo bakin zaren ta ƙaramar kafa. Suna kiran wannan sumbatar ƙoshiya. Sau ɗaruruwa ake yi a yini, ƙura da rini suna shiga huhu, ƙoshiyar kuma tana yawo daga baki zuwa baki. Ƙurar auduga tana jawo ciwon ƙirji mai toshe numfashi, man da ake zuba wa mazarai kuma ya jawo wa maza masu kaɗi wata irin sankara.

Waɗanda suka fi shan wuya ba ma a cikin masaƙun suke ba. Lokacin da zaren inji ya yi arha, injin saƙa kuma bai kankama ba, masaƙan hannu sun yi 'yan shekaru suna cin duniyarsu da tsinke, mutane suka yi ta kwarara cikin sana'ar har suka kai kimanin 240,000 a shekarun 1820. Daga nan lada ya faɗi. Wanda ke samun fiye da sule 20 a mako a wajejen 1800 ya dawo sule 5 ko 6 a shekarun 1830. Sana'ar ta ɗauki kusan shekara talatin tana mutuwa, iyalai suna ƙara awoyin aiki suna ƙara talaucewa.

Bore da dokoki

Tsakanin 1811 da 1816 'yan boren da ake kira mabiya Ludd sun riƙa fasa injina da dare. A 1812 Majalisa ta sa hukuncin kisa a kan fasa wasu injina, a shekarar kuma aka ƙone wata masaƙa a Westhoughton, aka rataye mutum huɗu. A 1826 masaƙan hannu a gabashin Lankasha sun farfasa injinan saƙa fiye da 1,000 cikin 'yan kwanaki.

A 16 ga Agusta 1819 kimanin mutum 60,000, da yawansu masaƙa da iyalansu, suka taru a filin St Peter a Mancesta don sauraron Henry Hunt. Bukatarsu ita ce wakilci, domin duk girman garin ba shi da ɗan majalisa ko ɗaya. Mahukunta suka turo sojan doki da takubba. An kashe tsakanin mutum 15 da 18, ɗaruruwa suka ji rauni. Jama'a suka kira abin Peterloo, suna gugar zana da yaƙin Waterloo na 1815. Sai a 1832 Mancesta ta sami kujeru a Majalisa, ma'aikata kuwa ba su sami ƙuri'a ba a lokacin.

Dokokin farko na kare yara, na 1802 da 1819, sun tsaya a takarda don babu mai bin sawu. Ta 1833 ce ta fara tasiri: ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 9 ba, ta taƙaita aikin 'yan 9 zuwa 13 ga awa 9 a yini, ta kuma naɗa sufetoci, ko da yake huɗu ne kacal ga ƙasa duka. A 1847 aka yi dokar awa 10 ga mata da matasa. Friedrich Engels ya zauna a Mancesta daga 1842 zuwa 1844 yana aiki a kamfanin auduga da mahaifinsa ke da hannun jari, abin da ya gani a unguwannin ma'aikata kuma ya shiga tunanin gurguzu da shi da Karl Marx suka gina.

Inda audugar ke fitowa

Tun farko sana'ar a ɗaure take da cinikin bayi. Jiragen Libaful suna kai yadi gaɓar Afirka ta Yamma a musanya da mutane, da fari yadin Indiya, daga baya kwaikwayonsa na Mancesta. Audugar farko kuma daga tsibiran Karibiyan da Brazil take zuwa, bayi ne ke noma ta, sai wadda ake sayowa daga ƙasashen Daular Usmaniyya.

A 1791 bayin Saint-Domingue, mallakar Faransa, suka tayar da juyin juya halin da ya haifi ƙasar Haiti a 1804. Tsibirin yana cikin manyan masu fitar da auduga, boren ya katse ta, farashi ya tashi. A daidai wannan lokaci, a 1793, Eli Whitney ya ƙera injin gurza a Jojiya, mai raba angurya da audugar tudu mai gajeren gashi, aikin da a da mutum ke yini bai gurje abin kirki ba. Da Napoleon ya sha kashi a Haiti, sai ya sayar wa Amurka da yankin Louisiana a 1803. Wata dokar Amurka ta 1830 ta kori ƙabilun asali, irin su Cherokee da Creek da Choctaw, daga ƙasashensu. Filayen da aka samu ta waɗannan hanyoyi, daga Alabama zuwa Misisifi, suka zama gonakin auduga.

Bayi a Amurka sun tashi daga kimanin 700,000 a 1790 zuwa kusan miliyan 4 a 1860. An sayar da dubban ɗaruruwa daga tsofaffin jihohi irin su Bajiniya zuwa sababbin gonakin kudu, ana raba uwa da ɗa. Da yamma ake auna kwandon kowa, wanda bai cika awonsa ba a yi masa bulala. Birtaniya ta haramta cinikin bayi a 1807, ta yi dokar 'yanta bayin da ke ƙasashen mallakarta a 1833, amma masaƙunta suka ci gaba da dogara ga audugar bayi har shekara talatin bayan haka. A jajibirin 1860 kimanin kashi huɗu cikin biyar na audugar Lankasha daga kudancin Amurka take zuwa.

Indiya

Bayan yaƙin Plassey na 1757, da karɓar ikon haraji a Bengal a 1765, Kamfanin Gabashin Indiya ya tashi daga mai saye ya zama mai mulki. Wakilansa suna ba masaƙa kuɗin kafin alƙalami, su ɗaure su da sharaɗin ba za su sayar wa kowa ba sai Kamfani, a farashin da ya yanka. Labarin cewa an yanke wa masaƙan Bengal manyan yatsu ya yaɗu ƙwarai, amma masana suna jayayya a kan ingancinsa.

A 1813 aka buɗe kasuwar Indiya ga sauran 'yan kasuwar Birtaniya. Yadin Lankasha ya shiga da ɗan ƙaramin kuɗin fito, alhali na Indiya yana fuskantar haraji mai nauyi a Ingila. A 1820 Indiya ta sayi yadi miliyan 11 daga Birtaniya, a 1840 miliyan 145. Ƙasar da ta tufatar da duniya ta koma babbar mai sayen tufafi. Kaɗin hannu, wanda miliyoyin mata ke samun na cefane da shi, shi ya fi rushewa. Saƙar hannu ta rayu a wurare da yawa ta hanyar amfani da zaren inji.

Indiyawa ma sun kafa nasu masaƙun. Cowasji Davar ya kafa na farko a Bombay a 1854. Da suka fara ƙarfi, masu masaƙun Lankasha suka matsa wa gwamnati. A 1879 aka cire kuɗin fito a kan yadin Ingila mai kauri, a 1896 kuma aka ɗora harajin kashi 3.5 cikin ɗari a kan yadin masaƙun Indiya a cikin ƙasarsu, don kada su fi na Ingila arha. Ba a soke shi ba sai a 1926. Wannan ne ya sa yadi ya zama makamin siyasa: ƙaurace wa kayan Ingila daga 1905, sannan kiran Mahatma Gandhi cewa kowa ya kaɗa zarensa. A Satumba 1931 Gandhi ya ziyarci garin Darwen a Lankasha, inda ma'aikatan da ƙauracewar ta shafa suka tarbe shi hannu bibbiyu.

Yunwar auduga, 1861 zuwa 1865

Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, jihohin kudu suka riƙe audugarsu da fatan Birtaniya za ta goya musu baya, gwamnatin shugaban Amurka Abraham Lincoln kuma ta datse tashoshin ruwansu. Dama kasuwa ta cika da yadin da aka saƙa fiye da kima a 1859 da 1860. Masaƙu suka rage kwanakin aiki, sannan suka rufe. A ƙarshen 1862 kusan mutum rabin miliyan ne ke rayuwa da tallafi. Iyalai suka kai kayan ɗaki jingina, aka buɗe wuraren raba miya da azuzuwan ɗinki ga 'yan mata. A Maris 1863 aka yi tarzoma a Stalybridge kan yadda ake raba tallafin. Dokar ayyukan jama'a ta 1863 ta ba garuruwa rance, aka sa masaƙa haƙa magudanan ruwa da shimfiɗa tituna da wuraren shaƙatawa.

Ra'ayi ya rabu. Attajiran Libaful da yawa suna tare da kudu, a Birkenhead ma aka ƙera jirgin yaƙin kudu mai suna Alabama a 1862. Amma a 31 ga Disamba 1862 wani taron ma'aikata a Mancesta ya aika wa Lincoln takardar goyon bayan kawar da bauta, duk da yunwar da suke ciki, shi kuma ya amsa a 19 ga Janairu 1863 yana yaba jarumtarsu.

Aka bazama neman auduga a wasu wurare. Ta Indiya, wadda ake kira Surat, gajeren gashi gare ta, tana yawan tsinkewa, ma'aikata suka tsane ta. Ana ba da labarin wani da ya ji limami yana roƙon Allah Ya kawo auduga, ya ɗaga murya ya ce amin, amma ban da Surat.

Masar ce ta fi cin kasuwar. Tun wajejen 1820, zamanin Muhammad Ali, ake noma auduga mai dogon gashi a can. Farashin lokacin yaƙi ya sa Khedive Isma'il, wanda ya hau mulki a 1863, ya ciwo bashi mai yawa daga bankunan Turai. Da audugar Amurka ta dawo farashi ya faɗi, bashi ya tsaya. A 1875 ya sayar wa Birtaniya hannun jarin Masar a mashigin Suez a kan kimanin fam miliyan 4, a 1876 ƙasar ta kasa biya, Turawa suka karɓe lura da baitulmalinta. Boren Ahmad Urabi ya biyo baya, a 1882 Birtaniya ta yi wa Iskandariya luguden wuta ta mamaye ƙasar.

Sudan da Arewacin Najeriya

Tsoron sake faɗawa irin wannan yunwa ne ya sa aka kafa Ƙungiyar Noman Auduga ta Birtaniya a Mancesta a 1902, ƙarƙashin Alfred Jones, mai kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster. Manufarta a noma auduga a cikin daular. A Sudan an kammala madatsar Sennar a 1925, aka shayar da filin Jazira da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu. Hausawa da Fulani da ke zaune a can, mahajjata da zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, suna cikin waɗanda suka yi ƙwadagon gonakin.

Arewacin Najeriya ne ƙungiyar ta fi ɗora wa buri, kuma a nan lissafinta ya fi kucewa. Ƙasar Hausa tana da tata tsohuwar masana'anta: mata na gurza da shiɓa da kaɗi, masaƙa na fitar da fari da saƙi da gwado, marina na rini, mabuga na buga baƙin yadi har ya yi ƙyalli. Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya tarar ana kai tufafin Kano har Tumbuktu da Ghat da Tarabulus, ya kuma ga yadin Mancesta a kasuwar, wanda fatake suka ƙetaro Sahara da shi.

Turawa sun ci Kano a Fabrairu 1903. Neman auduga yana cikin manyan hujjojin da aka kafa wajen gina layin dogo daga Baro, wanda ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga kaya a 1912. Aka kafa injin gurza a Zariya, aka raba irin Amurka mai suna Allen. Amma farashin da ƙungiyar ta yanka bai kai abin da masu kaɗi da masaƙan gida ke biya ba, don haka audugar ta ci gaba da tafiya kasuwannin gida. Manoman Kano kuwa suka zaɓi gyaɗa: ta fi kawo kuɗin biyan haraji, tana gyara ƙasa, in kasuwa ta faɗi kuma a ci ta. Jirgin da aka shimfiɗa wa hanya don auduga ya koma jigilar gyaɗa, fatake irin su Alhassan Ɗantata suka zama manyan masu sayenta. Noman audugar fitarwa ya kafu daga baya a ƙasar Zazzau da kudancin Katsina da Gusau, da gidajen gurza a Funtuwa da Malumfashi. Akoko da alawayyo na kanti sun shiga kasuwa sannu a hankali, ba su kashe saƙar gida farat ɗaya ba. A 1957 masaƙar Kaduna ta fara aiki, haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Rawtenstall a Lankasha.

Saɓanin masana

Ba a daidaita ba kan dalilin da ya sa abin ya fara a Ingila. Wasu sun jingina shi ga tsadar lada da arhar kwal, wasu ga ilimin ƙere-ƙere da dokokin mallaka. Masanin tarihi Eric Williams ya kawo hujja a 1944 cewa ribar bauta ce ta ciyar da masana'antu. Masu suka sun ce ribar ba ta kai haka ba, magoya baya suka ce ba ribar kaɗai za a duba ba, har da ƙasa da ƙwadago da kasuwa. Haka nan ana jayayya kan ko rayuwar ma'aikata ta inganta kafin 1850.

Faɗuwa

Birtaniya ta hana fitar da injina har 1843, amma fasaha ba ta tsaruwa. Samuel Slater ya tsallaka Amurka a 1789 da tsarin injinan Arkwright a kansa. Daga baya kamfanin Platt Brothers na Oldham ya sayar wa Indiya da Japan da Rasha injinan da suka yi gogayya da Lankasha da su. A 1929 reshe ya juye da mujiya, kamfanin ya sayi haƙƙin ƙera injin saƙa mai sarrafa kansa daga Toyoda na Japan.

A 1913 Birtaniya ta fitar da yadi kimanin biliyan 7, Indiya ce ta sayi kaso mafi girma. Yaƙin 1914 ya katse jiragen ruwa, masu saye suka koma ga masaƙun gida da na Japan, ba su dawo ba. A 1933 Japan ta wuce Birtaniya wajen fitar da yadin auduga. A 1958 yadin da Birtaniya ke shigowa da shi ya fi wanda take fitarwa, dokar 1959 kuma ta biya masu masaƙu su farfasa tsofaffin injina. A shekarun 1950 da 1960 baƙi daga Pakistan da Indiya, da yankin da ya zama Bangladesh, su suka riƙe aikin dare a masaƙun da suka rage, zuriyarsu na nan a Blackburn da Oldham da Bolton.

A yau

An rushe masaƙu da yawa, wasu sun zama gidajen haya da rumbunan ajiya. Masaƙar Queen Street a Burnley, wadda ta rufe a 1982, gidan tarihi ce, UNESCO kuma ta sa masaƙun kwarin Derwent, har da Cromford, cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. Babban zauren cinikin auduga na Mancesta ya daina ciniki a 1968, yanzu gidan wasan kwaikwayo ne, allon farashin ranar ƙarshe yana nan a jikin bango.